Yadda ake riƙe ƙungiyar ƙwallon yaran unguwa daga farkon kaka zuwa ƙarshenta

Wannan jagora ta shafi yara 'yan shekara 11 zuwa 13, irin waɗanda ake tarawa a filin firamare ko filin idi a Kano, Zariya, Katsina ko Maraɗi. A wannan matakin ba kofi ake auna koci da shi ba. Abu biyu ake dubawa: sau nawa ƙafar kowane yaro ke taɓa ƙwallo a atisaye, da kuma yara nawa cikin waɗanda aka fara da su suka kai ƙarshen kaka ba su gudu ba. Duk tsarin da ke ƙasa a kan waɗannan biyun aka gina shi.

Fara da kalanda

Lokacin yaro ba a hannunka yake ba. Boko ta ɗauke safiya daga Litinin zuwa Juma'a, Islamiyya ta ɗauke yamma daga Asabar zuwa Laraba a yawancin unguwanni. Abin da ya rage maka shi ne yammacin Alhamis, yammacin Juma'a, da safiyar Asabar ko Lahadi ga waɗanda ba sa zuwa tahfiz. Saboda haka ka sa atisaye biyu, Alhamis da Juma'a bayan La'asar, ka bar wasa ga ƙarshen mako. Kocin da ya sa atisaye ranar Talata da yamma ya haɗa kansa faɗa da malamin Islamiyya, kuma iyaye bayan malam za su bi, da gaskiyarsu.

Kaka mafi daɗi tana farawa a Oktoba, bayan ruwa ya ɗauke ƙasa ta tsane, ta ƙare a Maris kafin zafin bazara, wanda a Afrilu yakan haura digiri 40. Mako 24 ke nan ko kusa da haka. Ka zauna da takarda ka cire makonnin jarrabawar ƙarshen zango a Disamba, ka cire hutun Sallah, ka duba inda azumi ya faɗo, tunda kowace shekara yana matsowa da kwana 10 ko 11. Abin da ya saura shi ne ainihin kakarka, kuma yakan fi abin da kake zato gajarta.

Rajista, iyaye da maganar shekaru

Yara 14 ko 15 sun isa idan tara-tara za a buga, kuma tara-tara ya fi dacewa da wannan shekarun fiye da sha ɗaya-sha ɗaya. Lissafin a fili yake. Wasan minti 60 da 'yan wasa 9 yana ba ka minti 540 da za ka raba. Idan yara 14 ne, kowa zai iya samun kusan minti 38. Idan ka tara 22 saboda kunyar ka ce wa ɗan maƙwabci a'a, rabon kowa bai kai minti 25 ba, kuma a aikace takwas daga cikinsu benci za su yi ta ɗumamawa har su daina zuwa. In yaran sun yi yawa, ka raba su ƙungiya biyu ka nemi mataimaki.

Kowane yaro sai ka ga mahaifinsa ko wanda ke riƙonsa ido da ido. Kada ka yarda da "Baba ya ce na zo". Ka je da kanka, ka gaisa, ka faɗi ranakun atisaye da lokacin tashi, ka yi alƙawarin yaro zai kasance a gida ko masallacin unguwa kafin kiran Magariba, sannan ka cika alƙawarin. A littafin rajista ka rubuta suna, ranar haihuwa, makaranta da aji, lambar wayar mutum biyu na gidan, da amsar tambayoyi huɗu: yana da sikila? yana da asma? yana farfaɗiya? ya taɓa suma yana cikin gudu? Mai asma yana wasa lafiya lau idan abin shaƙarsa na aljihun koci a bakin fili. Mai sikila da wanda ya taɓa suma sai da izinin likita, domin ƙishirwa da gajiya mai tsanani suna tayar da ciwon sikila, suma a cikin gudu kuwa tana iya zama alamar matsalar zuciya.

Sai shekaru, inda yawancin ƙungiyoyin unguwa ke lalacewa. Ka nemi takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ko katin rigakafi na jarirai, ko rajistar shiga firamare. Takardar rantsuwa ta kotu da aka yi makon jiya ba hujja ba ce. Za a matsa maka lamba ka sa ɗan shekara 16 mai ƙaramin jiki, a ce ai kowa haka yake yi. Abin da ke faruwa shi ne babban yaron zai ci maka wasanni da ƙarfi da gudu, ba zai koyi komai ba tunda ba ya shan wahala, ƙananan kuma za su koyi abu ɗaya kawai, wato su jefa masa ƙwallo su tsaya kallo. Ramin ƙarya kuma ƙurarre ne: a 2009 FIFA ta fara amfani da hoton asibiti na MRI na wuyan hannu don tantance shekaru a gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17, kuma Najeriya, wadda ta ɗauki kofin sau biyar, a 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015, ta sha sallamar yara daga sansani saboda wannan gwajin.

Kuɗi kada su zauna a hannunka. Ka sa wani dattijo cikin iyaye ya zama ma'aji, a riƙa rubuta kuɗin mako da abin da aka kashe, a karanta wa iyaye a ƙarshen kowane wata. Yaron da gidansu ba hali a yafe masa a asirce, kada a kira sunansa a gaban 'yan uwansa.

Fili da kaya

Fili sai da izini a bayyane daga hedimasta ko mai unguwa, da ranaku da sa'o'i, don kada manyan samari su kore ku ranar da suka ga dama. Girman filin tara-tara kimanin mita 73 ne a tsawo da 46 a faɗi, turakun raga kuma faɗin mita 5 da tsayin mita 2. Ragar manya mita 7.32 ce da 2.44, kuma ɗan shekara 12 da aka tsayar a cikinta ba tsaron gida yake koyo ba, kallon ƙwallo yake tana wuce kansa. Ɗigon fenareti ya zama mita 8 daga layin raga.

Don kusurwa ta fita daidai, ka ɗauki igiya mai mita 12, ka ƙulla a mita 3 da mita 7, ka haɗa bakin biyu, yara uku su ja ta ta miƙe a kan ƙulli-ƙullin. Kusurwar da ke tsakanin gefen mita 3 da na mita 4 ita ce daidai. A ja layi da toka mai sanyi ko garin alli. Ɗanyen farar ƙasa na gini yana ƙona fata da ido.

Kafin kowane atisaye yara su jeru kafaɗa da kafaɗa su taka filin daga wannan baki zuwa wancan suna tsince kwalba, ƙusa, gwangwani da tsidau. Minti uku ne. Turakun ƙarfe kuwa ko dai a binne su da siminti ko a danne gindinsu da buhunan yashi, domin yara suna son lilo a sandar sama, kuma turken da ya kifo kan yaro yana kisa.

Ƙwallo lamba 4 ce tasu, mai nauyin giram 350 zuwa 390. Lamba 5 ta manya tana kai giram 450, tana sa yaro ya riƙa buga ta da tsinin yatsa don ta yi nisa, kuma wannan ɗabi'ar tana da wuyar cirewa. Abin so a ce kowane yaro da tasa, amma mafi ƙaranci ƙwallo ɗaya ga yara biyu, wato 7 ko 8. In kuɗi sun yi kaɗan, ƙwallo takwas masu araha sun fi guda biyu masu tsada amfani nesa ba kusa ba, kuma jesi ita ce abin saye na ƙarshe. Ka tanadi famfo da allura biyu, ka san shumekan da ya iya ɗinkin ƙwallo. Iskar ta zama idan ka danna da manyan yatsu biyu ta ɗan lotsa. Sauran kaya: usur, agogo, alamomi 20 zuwa 30 (murafan robar fenti ko gorunan ruwa da aka cika da yashi suna yi), riguna marasa hannu kala biyu, da jarkar ruwa mai lita 20.

A ƙasa mai tauri ta rani but mai dogayen haƙora yana jawo ciwon dunduniya da targaɗe. Kambas ko but mai ƙananan haƙora da yawa ya fi, ko na gwanjo ne. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne wasu da but wasu ba takalmi a wasa ɗaya. Abin kare ƙwauri dole ne a dokar wasa.

Akwatin taimakon gaggawa: safar hannu, auduga, aidin, filasta, bandeji mai naɗewa guda uku, almakashi, sabulu, da fakitin ORS, wato garin gishiri da sukari na zubawa a ruwa. Ranar wasa a ƙara ƙanƙara a kula.

Yadda atisaye ɗaya yake tafiya

Tsakanin La'asar da Magariba a hunturu da wuya ka samu fiye da minti 75 masu tsafta, don haka ka jera alamominka kafin yara su iso, ka rubuta abin da za a yi a 'yar takarda. Kowane atisaye jigo ɗaya ne. Yau tarar ƙwallo, gobe fas, ba duka a rana ɗaya ba.

Babban kuskure shi ne layi. A ce yara 15 sun yi layi suna buga wa gola ƙwallo ɗaya, kowane bugu da ɗauko ƙwallo yana cin daƙiƙa 10. Kowane yaro sai bayan minti biyu da rabi layi ke zagayowa kansa, a minti 15 ya buga sau shida. Sauran lokacin tsokana da jifa da tsakuwa. Na biyu shi ne zagaye fili da gudu sau goma da sunan ƙarfin numfashi. Yaro ɗan 12 yana samun numfashinsa a cikin wasa, minti goman nan asararsu aka yi. Na uku dogon jawabi. Bayanin da ya wuce daƙiƙa 30 ya yi yawa. Ka nuna da ƙafarka, ka ce a fara.

Minti 10 na farko ɗumama jiki ne da ƙwallo. A cikin murabba'i mai mita 20 kowa yana jan ƙwallo, in ba su isa ba bibbiyu suna karɓa-karɓa. Kana kira: cikin ƙafa, bayan ƙafa, tafin ƙafa, hagu kaɗai, tsaya, juya. Ka saka tsayuwa da ƙafa ɗaya na daƙiƙa 20, tsalle a sauka gwiwa a ɗan lanƙwashe ba ta karkata ciki ba, da gudun gefe. Irin waɗannan motsin su ne ginshiƙin shirin 11+ na yara da FIFA ta fitar don rage rauni.

Minti 15 na gaba na jigon ranar ne. In fas ne, bibbiyu a tazarar mita 8, tsakaninsu ƙofa mai faɗin mita ɗaya da rabi da aka yi da alamomi biyu, a ƙirga nawa suka ratsa a minti ɗaya. Abin da za ka duba uku ne: ƙafar tsayuwa tana gefen ƙwallo tana kallon inda za a aika, idon sawun ƙafar bugu a ƙulle yake yatsu sun ɗan ɗaga, kuma tsakiyar ƙwallo ake bugu. Idan ƙwallo na tashi sama, yaron yana jingina baya ne ko yana bugun ƙasanta. Idan tana kaucewa gefe, ƙafar tsayuwa ce ke kallon wani wuri. In tara ce, laifin da aka fi yi shi ne taka ƙwallo a tsayar da ita cak a ƙarƙashin jiki, sai yaro ya rasa inda zai sa ƙafa. Ka koya masa taɓawar farko ta ture ƙwallon taku ɗaya zuwa wurin da ba abokin hamayya, kuma ya waiwaya kafin ta iso. A filin rairayi ƙwallo tana maƙalewa, a mai tsakuwa tana tsalle, saboda haka a saba da zuwa a tarye ta maimakon jiranta.

Sai minti 20 na wasa mai sharaɗi, kuma nan ne koyo na gaske yake. Huɗu da ɗaya a murabba'in mita 8: huɗu a gefe suna ba juna, ɗaya a tsakiya yana nema, wanda ya ɓatar ya shiga. In ya yi musu sauƙi a rage zuwa mita 6 ko a sa biyu a tsakiya. In ƙwallo ba ta kai fas uku a faɗaɗa. Ɗaya da ɗaya a wuri mai mita 15 da 10, kowa da ƙaramar ƙofa, daƙiƙa 45 a canja. Ko huɗu-huɗu a fili mai mita 30 da 20 da ƙananan ƙofofi huɗu, biyu a kowane ɓangare kusa da kusurwa. Wannan na ƙarshen shi ne maganin taruwar da yara ke yi a kan ƙwallo kamar kaji sun ga tsaba. Ihun "ku baje!" ba ya baje su. Amma idan ƙofar dama ta cushe ta hagu kuma a buɗe take, da kansu za su gano amfanin juya wasa.

Minti 25 na ƙarshe a bar su su buga, bakwai-bakwai, ba sharaɗi, kai kuma ka rufe bakinka sai in dole. Kada ka hana yanka. Akwai kocin da ke zagin yaro "mai son kai" duk lokacin da ya yanke mutum, har yaron ya koma mai zubar da ƙwallo da ya karɓa. Abin da ake koya masa shi ne inda ake yanka, wato a gefe da gaban gidan abokan hamayya, da inda ba a yi. Minti 5 na rufewa: a sha ruwa, a ƙirga ƙwallaye da alamomi, tambaya ɗaya a kan jigon ranar, a faɗi lokacin haɗuwa na gaba.

Bugun kai ka ja da baya da shi. Amurka ta hana shi ga 'yan shekara 10 zuwa ƙasa tun 2015, Ingila ta cire shi daga atisayen 'yan firamare a 2020. Ga 'yan 12 da 13, 'yan kaɗan da ƙwallo mai sassaucin iska da aka jefo da hannu sun isa a koyi bugu da goshi ido a buɗe.

Rabon makonni

Mako shida na farko na ƙafa ne: ja, juyawa, tara, fas, da ƙafar da ba ta da ƙarfi. A makon farko ka gwada kowa da abu uku ka rubuta, wato ɗaga ƙwallo sau nawa ba ta faɗi ba, fas nawa cikin 10 suka ratsa ƙofa da dama da hagu, da daƙiƙa nawa ya ɗauka ya zagaye alamomi shida da ƙwallo. A waɗannan makonnin wasan sada zumunta biyu sun isa.

Daga mako na 7 ka shigo da tsayuwa. A tara-tara 3-2-3 ya fi sauƙin fahimta: uku a baya, biyu a tsakiya, uku a gaba, kowa yana da na kusa da shi ta gefe biyu. Ka'idoji kaɗan za ka ba su. In mun samu ƙwallo, 'yan gefe su taka layi. In mun rasa, mafi kusa ya tare hanya ba tare da ya zube ƙasa ba, na biyu ya tsaya bayansa da taku biyar. Satar gida a koya ta a tsaye, a dakatar da wasa a nuna inda ɗan wasan abokan hamayya na biyu daga ƙarshe, har da gola a lissafin, yake a lokacin da aka buga fas. Jifa ma sai an koya, ƙafa biyu a ƙasa, hannu biyu, daga bayan kai, domin alƙalai suna yawan hura ta a wasan yara. Tun 2019 ba dole ba ne ƙwallo ta fita daga da'irar gola a bugun gida kafin ɗan bayansa ya taɓa ta, saboda haka gola zai iya miƙa wa na kusa da shi a fito da ita a ƙasa. Za a ci ku da wannan sau da yawa a farko. Ku ci gaba da yi.

Kada a liƙa wa yaro gurbi ɗaya. Dogon da ka ajiye a baya saboda tsayinsa wataƙila girma ne ya zo masa da wuri, nan da shekara biyu sauran za su kamo shi, ya tashi ba tsawon ba ƙafar. Kowa ya buga gurbi biyu aƙalla a kaka. Gola ma a samu uku, a ba su minti 15 nasu sau ɗaya a mako: kamun ƙwallo manyan yatsu na kusan haɗuwa a bayanta, jiki a bayan hannu, faɗuwa a kan gefe ba a kan ciki ko gwiwar hannu ba, kuma a kan yashi ake fara koya.

A hunturu mai ƙura sosai, ranar da ba ka iya hango ƙarshen fili da kyau, ka rage gudu ka lura da masu asma. Haɓo yana yawa a lokacin: yaro ya zauna ya sunkuyar da kai gaba, ya matse taushin hanci minti 10, ba a ɗaga kai sama. A azumi yawancin 'yan wannan shekarun suna yi, don haka ba wasan gasa. Ko dai minti 40 na aikin ƙafa mara gudu dab da shan ruwa, ko bayan Tarawihi in akwai wuri mai haske kuma iyaye sun yarda. Goman ƙarshe a ba da hutu. Bayan Sallah a yi mako biyu ana atisaye kafin a karɓi wasa.

Ranar wasa

Ku yi yarjejeniya da kocin ɗaya ɓangaren tun kafin ranar: minti 30 sau biyu, ƙwallo lamba 4, canji ba iyaka kuma wanda ya fita zai iya komawa, alƙali wanda ba ɗan unguwar kowa ba, da musayar jerin sunaye da ranakun haihuwa. Yawancin rigimar da ke ƙarewa da jifa daga abin da ba a faɗa ba tun farko take tasowa.

Yara su ci abinci awa biyu zuwa uku kafin wasa, ba tuwo dab da shiga fili ba. Ayaba ko burodi suna yi in lokaci ya ƙure. Lemon ƙara kuzari na gwangwani ba na yara ba ne, kuma duk wanda ya kawo wa yaro ƙwaya da sunan maganin gajiya a kore shi daga bakin filin, a sanar da iyaye. A ƙirga yara a shiga mota, a ƙirga a fita, kada a cusa takwas a adaidaita ɗaya.

Canji ka rubuta shi tun a gida, wa zai fita a minti na 15, wa a hutun rabi, wa a minti na 45, ta yadda kowa zai samu rabin wasa aƙalla. In ka bar shi ga zuciyarka, ana 1-1 za ka manta da na benci. A lokacin wasa kada ka zama mai riƙe da linzami kana "buga! fitar! ba shi!" Kafin muryarka ta isa damar ta wuce, kuma yaron ya saba da kallon benci maimakon fili. A hutun rabi ruwa tukuna, minti biyu shiru, sannan abu ɗaya da suka yi daidai da abu ɗaya da za a gyara. Bayan wasa a gaisa da abokan hamayya da alƙali. Maganar kurakurai a bar ta sai Alhamis. 'Yan kallo su tsaya ɓangare ɗaya, taku uku daga layi, ba kowa a bayan raga, kuma ka sa babban mutum guda cikin iyaye ya riƙa kwaɓar masu zagi.

Rauni da zafi

Ruwa kowane minti 15 zuwa 20, ba sai an ji ƙishi ba, kimanin lita ɗaya ga kowane yaro a atisaye, wato fiyawata biyu. Yaron da ya fara jiri, ciwon kai ko tashin zuciya a kai shi inuwa, a cire riga, a jiƙa jikinsa a yi masa fifita, a ba shi ORS kaɗan-kaɗan. In ya rikice yana sambatu ko ya fita hayyacinsa, a ci gaba da zuba masa ruwa ana hanyar asibiti, ba a ɗura masa komai a baki.

Targaɗen idon sawu: a daina wasa, ƙanƙara a cikin tsumma minti 15 zuwa 20, a naɗe, a ɗaga ƙafar. Ba a ja, ba a murzawa da man zafi a ranar farko, hakan yana ƙara kumburi. Idan ba ya iya taku huɗu, ko ciwon a kan ƙashi yake, sai hoto. A yara bakin ƙashi inda yake girma ya fi jijiya rauni, abin da ake ɗauka targaɗe ne yakan zama tsagewa a wurin, kuma ɗori ba tare da hoto ba yana iya barin ƙafa a karkace. Yankan ƙusa ko gwangwani a wanke da ruwa da sabulu sosai, a je a duba maganar allurar tetanus a ranar.

Wanda ya bugu a ka ya ga jiri, ko ya yi amai, ko bai san wa ake bugawa da su ba, ya gama wasa a ranar ko da ya rantse ya warke, kuma sai likita ya gan shi. Ka faɗa wa iyayensa da bakinka. Ciwon dunduniya, ko ciwo da ɗan kumburi a ƙasan ƙoƙon gwiwa, ya zama ruwan dare a shekarun da yaro ke miƙewa, ba ragwanci ba ne. A rage masa tsalle da gudu na 'yan makonni, ya yi aikin fas. Idan hadarin farkon damina ya riske ku aka ji tsawa, a bar fili a shiga gini, ba gindin bishiya ba, sai an yi minti 30 da jin ta ƙarshe.

Ladabi da amana

Ba duka, ba tsallen kwaɗo, ba zagin iyaye. Dokoki uku sun isa: zuwa a kan lokaci, ba faɗa, ba fashin makaranta. Hukuncin da ya fi ciwo shi ne zama a gefe minti biyar ana wasa, ko fara wasan Asabar daga benci, kuma ya hau kan gwanin ƙungiya kamar yadda yake hawa kan kowa. Kada kai ko mataimakinka ku keɓe da yaro ɗaya a ɗaki, kada a kwana da yara a tafiya sai da wasu iyaye. In ƙungiyar 'yan mata ce, a samu mace babba a kowane atisaye.

Da yaro ya fara haske za a ga masu cewa za su kai shi Turai in an biya kuɗin fom da biza. Dokar FIFA ta hana cinikin ɗan wasa zuwa wata ƙasa kafin ya cika 18, sai a wasu keɓaɓɓun yanayi, kuma kulob na gaske ba ya karɓar kuɗi a hannun uba. Hanyar da aka sani ita ce wasannin makarantu, gasannin hukumar ƙwallo ta jiha, da na YSFON, ƙungiyar wasannin matasa ta Najeriya, irin su Kofin Ramat da ake yi a Kano. Kai ma ka tambayi hukumar jiharku lokacin kwas ɗin koci na lasisin D na CAF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka.

Rufe kaka

A makon ƙarshe ka maimaita gwaji ukun nan na makon farko, ka nuna wa kowane yaro lambobinsa biyu a gaban mahaifinsa, ka faɗa masa abu ɗaya da zai riƙa yi da bango a lokacin hutu. Ka buɗe rajista ka ƙirga waɗanda suka daina zuwa, ka bi gidajensu ka ji dalili. Sau da yawa benci ne, ko kuɗin mako, ko wani babba da ke cin zalinsu a hanya. Ma'aji ya karanta lissafin shekara. Waɗanda suka haura 13 a miƙa su ga ƙungiyar gaba, inda za su koma lamba 5 da sha ɗaya-sha ɗaya. A wanke ƙwallaye a rage musu iska, a kwance raga a zuba a buhu a rataye inda gara da ɓera ba sa kaiwa, turakun katako kuma a tuge su kafin ruwan farko.